Ƙwan Zabin Goggo a Tanderun Burodi

Shekarun baya, cikin wata damina mai yawan ruwa, ƙanwata da ke aure a Gwandu ta sauka lafiya, ta samu ɗa namiji. Ni da mahaifiyata muka taso daga Kalgo ana gobe suna don mu kama aiki. Da yake ina ɗan yin kek da cincin na sayarwa a unguwarmu, dangi kallon gwanar girki suke yi mini, ni kuma ban taɓa ƙaryata su ba.

Surukar ƙanwata, wadda kowa ke kira Goggo, a Dalijan take zaune, tana kiwon zabi. Tun ranar da aka kai mata albishir ta daina sayar da ƙwai, har maƙwabta ta bi ta haɗa da nasu. Da yamma ta iso da kwanduna biyu shaƙe da ƙwan zabi, an jera su cikin ƙaiƙayi. Ta ajiye a gabana ta ce, "Wanga yaro shi ne jikana na farko. Duk wanda ya zo, ko yaro ne, a aza mai ƙwai bisa shinkafarshi. An ce ke ce mai hannu, to ga amana."

Na ce, "Goggo, kada ku damu, dafa ƙwai ai ba aiki ba ne."

Ranar suna ruwa ya tsuge tun asuba. Itacen da aka jibge a tsakar gida ya jiƙe sharkaf. A zaure maza suka matsu aka yi raɗin suna. Murhu biyu kawai aka iya hurawa a ƙarƙashin rumfa da ɗan busasshen itacen da ya tsira, ɗaya shinkafa, ɗaya naman rago, kuma tukunya na sauka wata ke hawa. Gas ɗin amaryar jego ya ƙare tun cikin mako, ba wanda ya tuna. Duk lokacin da na leƙa wajen masu girki, sai su ce in ɗan jira.

Da na gaji da jira, na kafa duwatsu a gefe na ce zan hura tawa wutar. Na zuba kananzir, na yi fifita, na durƙusa ina busawa. Ban samu komai ba sai hayaƙi. Kwallin da na sa ya zubo har haɓa. Ga azahar na matsowa, ga mata 'yan suna daga garin Ceberu sun fara sallama, ga ƙwai ɗanye yana nan yadda aka kawo shi. Abin da ya fi damuna, ƙanwata ba ta daɗe a gidan ba. In aka yi watsi da kyautar tsohuwar, ba sunana za a riƙa kira ba, cewa za a yi dangin matar ne suka raina ta.

Ina cikin wannan hali wata ƙawata ta shigo. Tare muka yi makaranta, tana aure a unguwar, mijinta yana da gidan burodi a bayan layi. Tana dariyar fuskata ta ce, "Wuta kike nema? Mu ga tanderunmu can da zafinshi, an gama burodi tun safe, ba abin da ake yi da shi."

Nan take na tuna wani bidiyo da na taɓa gani a waya, wata mata ta jera ƙwai cikin obin, wato tanderun zamani, ba ruwa ko ɗigo, ta fito da shi dafaffe. Lokacin tsaki na yi na wuce. Na ja mahaifiyata gefe na faɗa mata abin da nake shirin yi. Ta kama haɓa ta ce, "Ƙwai cikin tanderu? Ki rufa min asiri. In sun farfashe mi za ki ce ma matar nan?"

Na ce, "Inna, da kaɗan zan fara gwadawa. In bai yi ba, ba wanda zai ji."

Muka rufe kwandunan da leda, muka bi ta ƙofar baya cikin yayyafi. Mijin ƙawata ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce shi dai bai taɓa jin haka ba, amma ga tanderu, ga gwangwanayen burodi, in abu ya ɓaci kada a ambaci sunansa.

Na sa ƙwai uku a gwangwani, ya tura su can ciki kusa da garwashi. Ba a jima ba muka ji tau! Ɗaya ya tarwatse. Na zauna kan buhun fulawa. Ƙawata ce ta ce zafin ne ya yi yawa. Aka janye garwashin, aka bar ƙofa a buɗe har tanderun ya huce, sannan muka sake sa wasu daga bakin ƙofa. Bayan kamar rabin awa muka fito da su, muka tsunduma cikin ruwan randa mai sanyi. Na ɓare ɗaya. Farin ya kama tsaf, gwaiduwar ta nuna har ciki. Wani ɗan tabo ne kawai mai ruwan ƙasa a inda ƙwan ya jingina da ƙarfe.

Muka jera sauran duka, aka rufe. Ban taɓa yin jira mai tsawon wannan ba. Ba addu'ar da ban karanto ba. Da aka buɗe, 'yan ƙalilan ne suka tsage, sauran lafiya lau.

Muna isa gida mata suka zagaye baho ana ɓarewa, ana ɗorawa kan shinkafa. Sai ga Goggo. Ta ɗauki ɗaya, ta juya shi, ta kai kusa da ido.

"Wanga tabon fa?"

Na gaya mata yadda aka yi, tun daga jiƙaƙƙen itace har tanderu. Mahaifiyata ta duƙar da kai kamar tana neman wani abu a ƙasa. Goggo ta raba ƙwan biyu, ta dangwali yaji, ta tauna a hankali.

"Awo," ta ce. "Ya nuna. Miƙo min wani."

Matan suka fashe da dariya. Kowa ya samu ƙwansa, har yaran maƙwabta. Da na shiga ɗaki kai wa ƙanwata nata, na tarar ba ta san an yi komai ba. Tana shayar da jariri ta dube ni ta ce, "Yaya, mi ya samu idonki?" Na ce hayaƙi ne, ta ci abincinta.

Yanzu yaron yana firamare. Ni ma na samu obin nawa, kuma in taro ya yi yawa haka nake dafa ƙwai, wuta kaɗan-kaɗan, sannan ruwan sanyi. Na koyi cewa in hanyar da aka saba ta toshe, ba laifi a gwada wata, amma a fara da ɗan abin da ko ya lalace ba za a yi kuka ba. Ranar da za mu koma Kalgo bayan sunan nan, muna zama cikin mota mahaifiyata ta dafa gwiwata ta ce, "Kin fid da mu kunya." Can kuma ta ƙara da cewa, "Amma kada ki sake."