Hannun Yaya

Haihuwar fari a gida ake yin ta, don haka da cikina ya tsufa aka mayar da ni gidanmu a Wudil. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka shigo, kowa aka ƙara wa albashi sai ya sayo abin da bai taɓa riƙewa ba. Maigidana, malamin ofis a Kano, ya yi babur da rediyo, ni kuma ya haɗo ni da wani shuɗin bahon roba na wankan jariri. Mata suka yi ta shigowa kallonsa suna ƙwanƙwasawa. Baho dai ya samu, amma wadda za ta yi wankan a cikinsa ita ce ba mu da ita.

Innarmu ta rasu tun ina budurwa. Gwaggonmu ta Darki, wadda ya kamata ta zo ta zauna da ni, ƙafa ta kumbura mata, ko bakin ƙofa sai an riƙe ta. Saura yayata, uwa ɗaya uba ɗaya, wadda ta goye ni, kuma ga ta a cikin gidan, ɗakinta na kallon nawa.

Yaya ta taɓa yin ciwo. Bayan ta haihu ne kanta ya juya, ta daina barci, ta riƙa maganganu, har Baba ya kai ta asibitin masu irin wannan lalura a Kano. Kafin ta dawo mijin ya sallame ta, danginsa sun ɗauke yaron. Ta dawo da hankalinta garau, tana shan maganinta, tana sallarta, lissafin gidan ma ita ke tuna wa Baba. Ba zan ce mutane ba su yi surutu ba, sun yi, Wudil ce. Amma surutun ya yi kwanakinsa ya wuce, aka koma zancen motocin siminti da ke ƙetare gada da tsadar shanu ranar Juma'a. Kowa ya ajiye maganar sai ita.

Ta ware modarta, ta ɗaura mata jan zare don kada wani ya sha da ita. Ta ware kwanonta. Ita da ake yin layi a tsakar gidanmu don kitsonta, ta ce ta daina, wai wa zai ba irinsu kansa. Wannan kalma ta "irinmu" ta fi komai ƙona mini rai. Ba ta zuwa biki, ba ta zuwa barka, gaisuwar mutuwa ma sai dai ta aika. Ranar karɓo magani sai ta lulluɓe har ido, ta bi ta lungu, kamar wadda ta yi sata. Wani mutumin kirki daga Achika ya zo nemanta, Baba ya gaya masa komai, mutumin ya ce ya ji ya gani. Ita ta kore shi, wai tausayinsa take ji. Ta rame, ta zama shiru-shiru, ciwon ya tafi ya bar ta tana yi masa gadi.

Na haihu, namiji. Ungozoma ta yi nata ta tafi, tana leƙowa da safe idan ta samu sarari, don gidaje da yawa ke jiranta. Yaya kuwa aiki ba wanda ba ta yi. Tun asuba ta hura wuta ta ɗora babbar tukunya, ta yanko ganyen darbejiya, ta dama kunun kanwa, ta wanke tsummokara. Ni da kaina tana yi mini wankan jego, tana tsoma ganye a tafasasshen ruwa tana fyaɗa mini a baya ina ihu tana cewa in yi haƙuri. Amma jaririn, ko yatsa. In ya yi kuka sai ta tsaya a bakin ƙofa ta harɗe hannu a baya tana cewa, "Ɗauke shi mana, ɗauke shi."

Na ce, "Yaya, ke ɗauke shi. Ba ki ga hannuna da sabulu ba?"

Ta ce, "Kin san hannuna ba na taɓa jariri ba ne."

"Wa ya ce?"

"Sai an ce?"

Haka muka yi ta yi. Na lallaɓa, na yi fushi, na haɗa ta da Baba. Ya tsaya daga zaure ya ce, "Ke fa kika raine ta, ɗanta ne zai gagare ki?" Ta sunkuyar da kai ta ce to, Baba. Yana juya baya ta koma gindin murhu. Wallahi da wata ce daga waje ta ce kada Yaya ta taɓa mini ɗa, da na san yadda zan yi da ita, sai unguwa ta taru. To amma wadda ke faɗin maganar da wadda ake faɗa wa mutum ɗaya ce, da wa zan yi faɗan?

Wata safiya ungozoma ba ta zo ba. Rana ta ɗaga, ruwa ya huce aka sake ɗumamawa, yaro ya ɓata jikinsa yana ta tsala kuka. Ni ban iya wankan jariri ba, santsinsa tsoro yake ba ni, ga jikina duk ciwo. Yaya ta zuba ruwa a shuɗin bahon, ta gwada zafinsa da gwiwar hannu, ta jera soso da sabulu da man kaɗe, ta ja baya ta zauna a tabarma ta miƙe ƙafa. Daga can take ba ni umarni: tallafi wuyan, ba haka ba, kifa shi, kada ruwa ya shiga kunne.

Raina ya gama ɓaci. Na ce, "Tunda kin iya da baki, ga shi nan." Na ɗora mata shi a cinya, tsirara, na shige banɗaki na ja ƙyaure.

Ta kira sunana. Ta sake kira. "Don girman Allah ki zo ki ɗauke shi, kada in yi masa wani abu."

Na ce daga ciki, "Yi masa. Ina nan ina jira."

Ba tsoron ta cutar da shi nake ba, tsorona kada ta ajiye shi a tabarma ta gudu ɗaki, shi ke nan kuma mun gama. Kukan ya ci gaba. Can sai na ji motsin ruwa. Kukan ya ragu, ya koma ƙananan gunaguni, sannan ya tsaya.

Da na leƙo, ta janyo bahon, ta kwantar da shi a kan ƙafafunta, hannu ɗaya a ƙarƙashin wuyansa, ɗayan yana bin bayan kunne da hammata da matsematsin cinya, wuraren da ungozoma ma ba ta damu da su ba. Ta gasa masa cibi, ta miƙe masa hannuwa da ƙafafu, ta shafe shi da mai. Hawaye na zuba har haɓarta, ba ta share ba don hannuwan duka suna aiki. Rabonta da riƙe jariri tun nata.

Ta naɗe shi a zani ya yi luf, ta miƙo mini. Na ɗauka an wuce wurin. Sai ta ce a hankali, ba ta kalle ni ba, "Akwai sauran ruwa a tukunya. Ki sake ɗauraye shi."

Ban san lokacin da na zauna a ƙasa ba. Wanka irin wannan, kuma a ganinta ƙazanta ta shafa masa. Na tashi na je gindin murhu, na kama tukunyar da tsumma na tuntsurar da ruwan duka a rariya. Na dawo na sa masa riga a kan man da ta shafa.

Na ce, "Ruwa ya ƙare. Gobe ma ke ce."

Ta zubar da ruwan bahon ta kife shi. Washegari ita ta yi wankan, haka kullum, har na yi arba'in. Modar nan mai jan zare kuwa tana rataye a ƙusarta ranar da na koma Kano, kuma da ita ta ci gaba da shan ruwa.