Ranar da Yaya ta ajiye finjalin gahawa

Ni dillalin tsofaffin na'urorin sanyaya ɗaki ne a unguwar Bani Malik. In saya a gidan da ake tashi, in gyara, in sayar. Sana'ar ta koya mini karanta fuskar mutum kafin ya buɗe baki, kuma da wannan idon na riƙa kallon taron da nake kai Yaya a motata.

Yaya 'yar wan babana ce, ungozoma a wani ƙaramin asibiti. A Madain Fahd aka haife ta, nan aka haifi uwarta, kakanmu kuwa ya zo aikin hajji ne bai koma ba. Larabcinta ya fi Hausarta gudu.

'Yan taron masu ilimi ne, lauyoyi da likitoci da marubuta, maza da mata a falo ɗaya. Maganarsu kullum ci gaba da haƙƙin mata, kuma ba zan ce ƙarya suke yi ba. Yaya ce ta kawo musu batun matan unguwarmu masu sayar da gyaɗa da yaji da turaren wuta a bakin titi, waɗanda ake kora yau, gobe su dawo. Tana so a nema musu izini da rumfuna. Ita ta bi su gida gida, ta ji kukansu, ta zo da shi.

Amma na ga abin da na gani. In Yaya ta kawo shawara sai a yi shiru, in wani lauya a cikinsu ya maimaita ta da manyan kalmomi sai a ce masha Allah. Sabon zuwa yakan miƙa mata kofin da ya gama shan shayi, ya ɗauka 'yar aiki ce. Wata ta taɓa dafa ta tana murmushi, ta ce ita dai ba kamar sauran takarunawa ba ce, wato mu baƙaƙen fata jikokin alhazai.

A mota na ce, "Yaya, me kike nema a wurin mutanen nan?"

"Rumfa nake nema. Kai in mai kaya ya yi maka kallon banza, barin injin kake yi?"

"In akwai riba, ina nan."

"To yalla, tuƙa, ka cika surutu."

Wata rana bayan la'asar aka haɗu a gidan shugaban taron a Aziziyya, wani dattijo da ya yi ritaya daga koyarwa a jami'a, don a zaɓi waɗanda za su je gaban hukuma. Aka zaɓi dattijon da lauyan da wata likita. Yaya ta ɗaga hannu, ba wanda ya dube ta. Da wani ya tambaya ko ita fa, lauyan ya ce a irin wurin nan an fi jin muryar namiji, mace ɗaya ta isa. Likitar ta juyo da taushin murya.

"Habibti, kada ki ji haushi. In suka gan ki za su ɗauka maganar marasa iƙama muka kawo, waɗanda ba su da takardar zama."

Na laluba makullin mota na fara miƙewa. Yaya ta dube ni sau ɗaya, na koma na zauna.

Sai aka kawo gahawa. Dattijon da kansa yake zubawa, don yana alfahari da cewa kakanninsa mutanen sahara ne, ba sa barin wani ya yi wa baƙonsu hidima. Ya miƙa wa Yaya, ta karɓa da dama, ta ajiye finjalin a gabanta ba ta kai baki ba.

A wurin mutanen sahara, baƙon da ya ajiye gahawa bai sha ba yana da buƙata, kuma ba zai sha ba sai mai gida ya amsa masa. Gahawar ta huce a ƙasa abin kunya ne ga gidan. Al'adar maza ce, ta neman aure da sasanta rikici. Ban taɓa ganin mace ta yi ba, balle baƙar mace a falon masu digiri.

Dattijon ya tsaya da butar a hannun hagu. Ya yi 'yar dariya.

"Sha gahawarki mana, 'yar halas."

"Ustaz, ka fi ni sanin abin da ake cewa."

Lauyan ya ce wannan ai al'adar ƙauye ce, irin wadda aka taru a nan don a yaƙa.

"Na gwada ta zamani," in ji Yaya. "Na ɗaga hannu, ba ka gan ni ba."

Babu wanda ya yi dariya sai ni, ni ma na haɗiye ta. Dattijon ya dubi finjalin, ya dubi baƙinsa. Na san wannan fuskar, fuskar mai kaya ce da ya gane ciniki ya faɗa.

"Faɗi buƙatarki."

"Zan shiga tare da ku. Ni zan fara magana, kuma zan zo da ɗaya daga cikin masu gyaɗar, ta faɗi nata da bakinta."

"Sha, buƙatarki ta biya."

Ta sha, ta girgiza finjalin alamar ya ishe ta, ta mayar masa.

Ranar zuwa hukuma ni na kai ta, ita da wata tsohuwa da ta fi kowa daɗewa a bakin titin. Na jira a mota. Da suka fito na tambaye ta yaya aka yi.

"Sun saurara. Tsohuwar nan ma ba ta bar mini wuri ba, sai da na ja mata abaya."

Tsohuwar ta ce daga kujerar baya, "Shekara da shekaru ina tara maganar, za ki ce in taƙaita?"

An daɗe kafin rumfunan su samu, kuma masu takardu kaɗai suka samu. Lauyan ya daina gaida Yaya. Ita ba ta fasa zuwa taron ba, don sauran matan suna nan a bakin titi, kuma yanzu in za a je magana a kansu, ba a fita sai da ita.