Sunan Kawu a Takardata

Da igiyar guga ubana yake dukana, jiƙaƙƙiya. In ya gaji ya ɗaure ni a turken jaki ya tafi gona. Ni ne ɗan fari, don haka uwata ko sunana ba ta kamawa, balle ta shiga tsakani. Wai kunya. Ranar da ya karya mini hannu, kawu, wan uwata, ya zo daga wani ƙauye gefen Yekuwa ya ɗora ni a amalanke. Ban fi shekara takwas ba. Aka ce riƙo.

Kada a ɗauka gidan daɗi na faɗa. Ba a dukana, shi ke nan. Ni ne ɗiban ruwa, ni ne ƙarshen sa hannu a kwano.

Shekarar nan aka aiko wa mai gari cewa kowane gida ya ba da yaro guda lakwal, wato makarantar boko. A lokacin, gani ake wanda ya shiga lakwal ya bar gona, addinin ma sai a hankali. Wasu har cikin rumbu suka ɓoye 'ya'yansu. Kawu yana da ɗa sa'ana, amma ni ya ja ya kai. Mushe, malamin lakwal ɗin, ya sa na zagaya hannu ta bisa kai na taɓo kunne, ya ce na isa. Da ya tambayi sunan uba, kawu ya ba da nasa, don a ce gidansa ya fita.

Ruwan farko na sauka sai ga ubana. Daga bayan danga na ji tarinsa. Shuka ta zo, yana son hannu.

“Na zo ɗaukar yarona,” ya ce, ko zama bai yi ba.

“Ɗanka ne, Malam, wa zai hana ka?” in ji kawu. “Kai, ɗauko rigarka.”

Na ɗauko. Mai gari yana zaure, ya zo aron sungumi, duk a kunnensa. Ya ce da kawu, “To madalla. Sai dai in wannan ya tafi, gurbinsa daga gidanka za a cike. Gobe ka kai naka.”

Kawu ya waiwaya. Na ga yana kallon ɗansa da ke wasa a ƙofar gida. Sai ya gyara murya.

“Af, na manta. Yaron nan ai ya zama na gwamnati. Ba ni da iko.”

“Yanzun nan ka ce ɗana ne!”

“Da bakina na faɗa, da bakina na janye. Mu je wajen Mushe.”

Muka tafi, ubana riƙe da wuyan hannuna, wanda ya karye ɗin. Mushe ya buɗe babban littafinsa, ya bi da yatsa, ya karanto sunana da na kawu.

“Kai wane ne nasa?”

“Ni na haife shi.”

“Takarda ba ta san ka ba, Baba. In ka wuce da shi, jandarma za su zo daga Magariya, kai da su.”

Ubana ya ƙara matse hannun har na ji ƙashin ya motsa. Ban yi kuka ba, na san kuka ƙara masa ƙarfi yake. Can ya sake ni.

“Ku riƙe shi. Ranar da na mutu kada ya tako gidana.”

Ban taka ba.

A aji biyar na tsaya, lokacin ɗan kawu ya wuce shekarun ɗauka, aka mayar da ni gona. Mutane suna ce mini in gode wa kawu, ya cece ni. Ɗansa ya ceta, ni dai ina kusa ne. Har yau sunan kawu ne a katina na shaida. Da ya rasu aka zauna rabon gona, aka ce ɗan riƙo ba ya gado. Ranar babu wanda ya ce a buɗe takarda.