Hoton Takwarar Hajiya

A shekarun da kuɗin mai ya cika Abuja, duk ma'aikacin da ya ɗan taka matsayi sai an tura shi kwas ƙasar waje, ko ya koyo wani abu ko ya dawo da akwati kawai. Ni ma layi ya zo kaina. Ina aiki a wata ma'aikata a Garki, aka ce za mu Jamus mu ga yadda suke tsara birane. Abokan tafiyata sai murnar alawus da sayayya suke yi. Ni kuwa da na ji sunan ƙasar ban yi murna ba, domin a can aka binne ƙanena, a can kuma 'yarsa take.

Karatu ne ya kai ƙanen nawa. Ya gama ya zauna, ya auri wata Baturiya, suka haifi 'ya mace ya sa mata sunan mahaifiyarmu. Yarinyar ko tafiya ba ta fara ba ciwon hanta ya ɗauke shi. Ana cikin zaman makoki sai baffanmu, mutumin da bai taɓa auna magana kafin ya sake ta ba, ya karɓi waya ya shaida wa matar cewa yarinya tamu ce, idan an yaye ta a dawo da ita gidan ubanta. Shi a ganinsa karamci ya yi, ya sauke wa mace nauyin marainiya. Ita kuwa abin da ta ji shi ne za a ƙwace mata 'ya. Daga ranar ta daina ɗaukar wayarmu.

Hajiya, mahaifiyarmu, tana zaune a Masaka wajen ƙanwata. Ciwon suga ya riga ya tafi da idonta na hagu, na dama kuma likita ya ce yana kan hanya. Hoto ɗaya tak take da shi na jikar, na ranar suna, jaririya a naɗe cikin tawul da fuska irin ta kowane jariri. Da na je yi mata sallama, bayan na sha cunkoson hanyar Keffi har raina ya ɓaci, na tambaye ta tsarabar da take so.

"Ba na son turare, ba na son rigar sanyi," ta ce. "Takwarata za ka ɗauko mini. Hoto dai, ba ita ba. In ga fuskarta tun idon nan bai rufe ba."

"Hajiya, wannan ai mai sauƙi ne," na ce mata.

Har ga Allah haka na ɗauka. Mu a Abuja wa ke neman izinin ɗaukar hoto? Ka je biki ko taron bita, masu hoto su yi ta haska ka kana tauna nama, kafin a tashi sun wanko sun shimfiɗa a ƙasa bakin ƙofa, suna bin ka da "Oga, ga naka, ya yi kyau." In ka ƙi saye a bar fuskarka a nan kowa ya tsallaka. Yara kuwa da sun ga kyamara su za su taru, har ka rasa yadda za ka kore su. Abin da na sani ana dukan mutum a kansa shi ne ɗaukar ginin gwamnati. Ka kuskura ka ɗaga kyamara kusa da wata ƙofa mai soja, ka ga yadda ake tsallen kwaɗo da babbar riga. Saboda haka da na sayi 'yar kyamarata a kasuwar Garki, tsoron da na tafi da shi na gine-gine ne, ban taɓa kawo mutane a raina ba.

Da muka isa na ga akasin haka. Muka yi ta ɗaukar majalisarsu da ofisoshinsu, ɗan sanda na tsaye yana kallo, wani ma har ya matsa don kada ya tare mana. Na ce lallai ƙasar nan babu takura.

Na kira matar ƙanena da wayar otal, don na san ba za ta ɗauki lambar Najeriya ba. Ta ɗauka. Na faɗi ko ni wane ne, na gaishe ta, na tambayi yarinya. Ta ce don Allah mu ƙyale su, ta ajiye. Ban kai ga maganar hoto ba ma. Na zauna bakin gado ina huci. Ni yayan uban yarinyar, a ce sai na yi bara kafin in ga jinina?

Ranar Asabar babu darasi, sai na hau jirgin ƙasa zuwa garinsu, da tsohon adireshin da nake aika wa marigayi kilishi. Ban ƙwanƙwasa ƙofa ba. Kusa da gidan akwai filin wasan yara, da lilo da rairayi, an kewaye shi da gajeren shinge, iyaye na zaune a benci cikin manyan riguna. Ban nemi kowa ya nuna mini yarinyar ba. Ita kaɗai ce mai launinmu, amma ba launin ne ya kama ni ba. Tafiyar ce. Tana tafiya tana ɗan karkata kai gefe kamar mai sauraron wani abu, yadda ubanta ke yi tun muna zuwa makarantar allo. Na matsa kusa da shingen.

Na ciro kyamara na jawo fuskarta kusa, na ɗauka. Ta juya, na sake. Ta hau lilo, na sake. Raina fari ƙal, har ina ayyana yadda zan sa a wanko babba a saka a gilashi.

Wata mata ce ta fara ɗaga murya. Ban ji yarensu ba, na ɗauka da ɗanta take. Sai ga wani ƙaton mutum ya zo ya tsaya tsakanina da shingen, ya buɗe hannuwa. Na yi masa murmushi, na nuna yarinyar na nuna ƙirjina. Wannan ya ƙara lalata lamarin. Iyaye suka tashi kowa ya janye nasa, wata kuwa da gudu ta je ta rungume takwarar Hajiya ta juya mini baya. A hoton aure kawai na taɓa ganinta, amma na gane matar ƙanena ce.

'Yan sanda biyu suka zo, mace da namiji. Da a ce da zagi suka fara, ko mari, da na san yadda zan yi da su, don wannan na saba gani. Amma macen cikin ladabi ta gaishe ni da Turanci, ta karɓi fasfona ta duba, ta tambayi dalilin da ya sa nake ɗaukar 'ya'yan mutane.

"Ba 'yar mutane ba ce," na ce. "'Yar ƙanena ce. Ubanta ya rasu. A wurinmu yanzu ni ne ubanta."

Ta ce ta yi mini ta'aziyya. Sannan ta yi mini bayani a hankali, kamar mai koya wa yaro. Titi na kowa ne, in ji ta, kuma zan iya ɗaukar gini ko taron jama'a. Amma in na ware mutum ɗaya na sa shi a gaba, fuskarsa tasa ce, balle yaro ƙarami, wanda sai mai riƙonsa ya yarda. Mai riƙon wannan yarinya kuwa uwarta ce.

"To kakarta fa?" na ce. "Tsohuwa ce, tana makancewa. Sunanta yarinyar ke ɗauke da shi. Ita ba ta da haƙƙi?"

Ta ce ba ita ke yanke wannan ba, amma za ta tambayi uwar. Ta je suka yi magana, suka dawo tare. An bar yarinyar can nesa wajen wata maƙwabciya, tana leƙe ta bayan rigarta. Matar ƙanena ta tsaya a gabana. Na cire hulata, abin da ban taɓa yi wa mace ba, na ce mata guda ɗaya kawai nake roƙo, ta zaɓa da kanta, a goge sauran.

"Da hoton za ku turo wanda zai ɗauke ta," ta ce. "Kun riga kun gaya mini."

Na rantse mata da Allah. Na ce wanda ya faɗi haka tsoho ne da ko Legas bai taɓa zuwa ba. Na ce ta aika da kanta in ba ta yarda da ni ba. Kuka take yi, amma kai kawai take girgizawa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne na ga tsoronta na gaske ne, ba wulaƙanci take yi ba. Da wulaƙanci ne da na samu wanda zan tsana.

'Yar sandan ta ce in na goge a gabanta magana ta ƙare, in koma kwas ɗina. In na ƙi, za a riƙe kyamarar, a tafi da ni ofis, kuma maganar za ta kai ga waɗanda suka gayyato mu. Na tuna aikina da 'ya'yana. Na riƙe kyamarar tana tsaye a kafaɗata, kowane hoto ya fito in kalle shi in danna. Na ƙarshen shi ne wanda ta juyo sosai, ido cikin ido. Na daɗe a kansa har 'yar sandan ta taɓa hannuna, sannan na danna.

Ban gaya wa abokan tafiyata ba, kunya ta hana ni. Ranar rufe kwas ɗaya daga cikinsu ya ari kyamarar, ya cika ta da hotunanmu muna karɓar takardar shaida muna washe baki. Sai da muka dawo wani ya ce mini ai abin da aka goge ana iya dawo da shi. Na kai katin kyamarar wajen wani mai gyaran waya a kasuwar Gudu. Ya sa a kwamfuta ya daɗe yana dannawa, sannan ya ce, "Oga, an yi snapping a kai, ya danne na da." Abu ɗaya ya iya cirowa, saman wani hoto, rassan bishiya da rufin gida, daga nan zuwa ƙasa toka-toka.

Na yi mako ina kewaye-kewaye kafin na tafi Masaka. Na tarar da Hajiya a tsakar gida, ta sa an share mata tabarau tun safe. Na ajiye turare da rigar sanyin da ta ce ba ta so. Ba ta ko taɓa su ba, hannu ta miƙo.

Na zauna a ƙasa na gaya mata komai. Ƙanwata ta fara zage-zage, tana cewa wace irin ƙasa ce da za a hana mutum hoton jininsa. Hajiya ta ce mata ta yi shiru. Ta janye hannunta ta sa a cinya.

"Amma ka gan ta?"

"Na gan ta, Hajiya."

"Da idonka?"

"Da idona."

"To faɗa mini."

Na faɗa. Goshin gidanmu ne, faffaɗa. Ta fi ubanta haske. Gashi mai yawa an ɗaure shi gida biyu, ba kitso. Doguwa ce a shekarunta. Na kwatanta mata tafiyar, sai ta rufe baki da gefen mayafi.

Daga nan ya zama aikina. Duk zuwan da zan yi, da mun gama gaisawa sai ta ce in faɗa mata takwararta. Idon dama ya rufe kafin azumi, ba ta daina tambaya ba. Na sake gwada kiran matar, na tarar an canza lamba. Na roƙi wani ɗan garinmu da ke can ya je wajenta, ya ce shi ba zai je ƙofar da aka taɓa kiran 'yan sanda ba, kuma ban ga laifinsa ba. Baƙin cikina shi ne fuskar ta fara gudu daga kaina. Mutum ba ya riƙe fuskar da ya gani sau ɗaya daga bayan shinge. Wata rana ina cikin kwatance na ji ashe ƙanena nake kwatantawa yana yaro, ita kuma tana gyaɗa kai.

Zuwana na ƙarshe kafin rasuwarta tana kwance, murya ta yi ƙasa. Na fara daga goshi kamar kullum, sai ta ɗaga hannu ta tsayar da ni.

"Kunnenta fa? An huda mata?"

Na shiga lalube a kaina. Na ga lilo, na ga rairayi, na ga hannun 'yar sanda. Ban ga kunne ba.

"Ban lura ba, Hajiya."

Ta juyar da fuska wajen bango.

"Da ka duba mini," ta ce.