Turmin da Muka Kai Ingila

Mijina bai taɓa yi wa reluwe aiki ba, malamin makaranta ne kamar ni, amma a kwatas ɗin reluwe na Kafanchan aka haife shi, kuma mahaifinsa ne ke juya layi wa jirage a zamanin da tashar ke cike da rai. Saboda haka duk maganar da ta shafi jirgin ƙasa, a gidanmu shi ne mai ita. Ko a talabijin aka nuna jirgi, sai ya gyara zama ya gaya mana abin da direban ya yi ba daidai ba.

Bayan mun yi ritaya, 'yarmu ta fari, wadda ke aikin jinya a wani gari a arewacin Ingila, ta ce mu zo hutu. Cikinta ya tsufa a lokacin, mijinta kuma ba zai samu fita daga aiki da wuri ba, don haka ta ce in mun sauka a Landan mu hau jirgin ƙasa, mu canza wani a hanya, su tare mu a tasharsu.

"Mama, don Allah kada ku ɗauko kaya," ta ce da ni a waya. "Akwai komai a nan. Kayan sawa kawai."

Na ce mata to. Kuma da gaske na faɗa.

Abin da ya ɓata shirin shi ne sanarwar da aka yi a coci cewa a sa mu cikin addu'a za mu yi tafiya. Tun ranar Litinin matan zumunta suka fara sallama a ƙofa. Wannan ta kawo acca daga Kagoro, waccan citta busasshiya, wata daddawa da kuka da karkashi, wata zuma a galan. Kowacce sai ta ce, "Ɗan kaɗan ne, na mai jego." Ba wadda zan iya mayar wa da nata. Ana gobe za mu tashi sai ga mahaifiyar surukinmu daga Fadan Kagoma a bayan babur, tsohuwa tukuf, ta rungume turmi a cinya, taɓarya kuma an ɗaure ta a gefen babur kamar bindiga.

"Mama, wannan fa?" na tambaye ta.

"Na yarona ne," ta ce. "An ce wai sakwaran gari yake ci a can, wanda ana dama shi da ruwan zafi. Shi ya sa ya rame a hoto. Ku kai masa."

Turmin ba babba can ba ne, amma na itacen kirki ne, nauyinsa kamar an cika shi da ƙasa. Na dubi mijina ko zai cece mu. Ya ɗaga turmin, ya jinjina, ya ce, "Ba komai. Jirgin sama ne kawai matsala. In muka kai jirgin ƙasa an gama, jirgin ƙasa shanu ma yana ɗauka."

Haka muka tashi da manyan akwatuna biyu da jakunkuna biyu irin masu zanen ja da shuɗi da 'yan kasuwa ke zuba gwanjo. Kafinta ya rage wa taɓaryar tsawo don ta shiga. Turmin muka cusa masa ƙullin daddawa da safa a ciki, muka naɗe shi da tsohon bargo.

A filin jirgin Landan ba mu sha wahala ba, akwai keken tura kaya. Wahalar ta fara ne inda aka ce keken ba ya wucewa. Mijina ya tsaya yana waige-waige.

"Baba, me kake nema?" na tambaye shi.

"'Yan dako," ya ce. "Ba tashar da ba ta da 'yan dako."

Muka tsaya, mutane suna wuce mu kamar ruwa ya samu dutse. Ba ɗan dako. A ƙarshe shi ya ja akwati ɗaya ya rataya jakar turmi, ni na ja ɗayan ina jan jakar acca a ƙasa. A bakin wata matakala tayar akwatina ta ce ga garinku, ta gangara ita kaɗai har ƙasa. Na duba akwatin, na duba matakalar, na cire mayafina na naɗa gammo.

"Mama, kada ki yi mana haka a nan," in ji mijina, yana sanye da kwat ɗinsa ta zuwa coci.

"Kama mini kawai."

Ya kama mini, yana kallon wani gefe kamar bai san ni ba. Ni da na girma ina sauko da itace daga dutsen Kagoro, akwati ba zai gagare ni ba. Abin mamaki, da na ɗora shi a kai sai hanya ta buɗe. Turawan da ɗazu suke bangaje mu suka riƙa matsawa gefe, wasu suna murmushi, wani yaro ya ja hannun uwarsa yana nuna ni. Mijina da ya ga haka sai ya matso kusa, ya koma bayana yana bin hanyar da na buɗe.

Da muka shiga babban jirgin da zai kai mu arewa, sai muka tarar wurin ajiye kaya bai fi kantar kwanuka ta kicin ɗina ba, kuma an riga an cika shi. Muka jibge akwatunan kusa da ƙofa, jakar acca a ƙarƙashin ƙafata har gwiwoyina suka kusa taɓa haɓata, jakar turmi kuma mijina ya zaunar da ita a kujerar kusa da shi kamar fasinja. Taragon shiru, ba mai tallar gyaɗa, ba mai wa'azi, ba wanda ya ce wa wani sannu. Da ɗumin cikin jirgin ya ratsa bargon, daddawa ta fara sanar da kanta. Wani mutum mai jarida a gabanmu ya ɗaga hanci, ya duba ƙasan takalminsa, ya duba ɗayan, sannan ya tashi a hankali ya koma wani tarago. Wata tsohuwar Baturiya mai saƙa a gefena ta daure, sai dai ta ciro alewar na'ana'a ta jefa a baki, ta miƙo mini ɗaya.

'Yarmu ta ja mana kunne cewa a tashar da za mu canza jirgi mu shirya tun kafin a tsaya. Da na ji an ambaci sunan tashar na miƙe.

"Zauna," in ji mijina. "Mahaɗa ce, irin Kafanchan. A mahaɗa jirgi ba ya gaggawa. Za a duba tayoyi, a canza ma'aikata, mutum ma yana iya sauka ya ci tuwo ya dawo."

Sai da jirgin ya tsaya cak sannan ya tashi, ya gyara kwat, ya ɗauki jakar turmi. Ya ce in tsaya a ciki in riƙa miƙo masa sauran. Ya sauka, ya kai jakar can jikin wani ginshiƙi don kada ta tare hanya, ya ajiye ta da kyau, ya juyo. Ni ina kokawa da akwati mai ƙafa ɗaya sai na ji ƙofa tana wani kuka, tit, tit, tit. Kafin in ɗago ta rufe.

Muka tsaya muna kallon juna ta gilashi. Na ga ya ɗaga hannu sama yana kaɗa wa direba, daidai yadda mahaifinsa ke kaɗa jar tuta, cikin natsuwa da iko. Jirgin ya motsa. Ya ƙara ɗaga hannun. Abin da na gani na ƙarshe shi ne mijina yana tafiya da sauri a gefen jirgin, bakinsa yana motsi, sannan ginshiƙi ya raba mu.

"Yesu!" na ce da ƙarfi, har taragon shirun nan kowa ya waigo.

Tikitocinmu suna aljihun kwat ɗinsa. Wayar da ke aiki a ƙasar tana jakata. Wato shi yana da ikon tafiya amma bai san inda nake ba, ni ina iya kiran duniya amma ba shi ba. Na zauna a kan akwati na kira 'yarmu. Da na gaya mata abin da ya faru, sai ta ce, "Mama, kaya nawa kuka kawo?"

"Ba wannan ake yi ba yanzu. Ubanki ya ɓata."

"Bai ɓata ba, ke ce kika tafi. Ki sauka a tasha ta gaba ki hau mai dawowa." Na ji muryarta tana rawa, na ɗauka kuka take, ashe dariya take dannewa.

Tsohuwar mai saƙa ce ta je ta kira mai duba tikiti, wata mace mai faɗin fuska. Na yi mata bayani da Turancin da na koyar da yara shekara da shekaru, amma a ranar ya gudu ya bar ni, har na ji kaina ina cewa "ko ba haka ba" a tsakiyar magana. Ta gane dai. Ta yi waya tashar da muka baro, ta ce an ga mijina, yana nan lafiya, kada in damu da tikiti. Sai ta dubi kayan ta ce, amma ta yaya zan tsallaka da waɗannan zuwa ɗaya gefen, don ƙaramar tasha ce, gada ce kawai ta sama.

A nan ne Ubangiji ya aiko da taimako a siffar da ban taɓa zato ba. Daga taragon baya wasu mata suka fito, manya-manya da su, duk sun sa riguna ruwan hoda iri ɗaya da wasu kunnuwan zomo a kai, ɗayarsu da mayafin amarya a kan wando. Rakiyar ƙawarsu suke yi, za ta yi aure a satin. Daga warin bakinsu na san ba kunu suka sha ba. A Kafanchan da na gan su da na tsallaka titi. Da suka ji labarin sai suka yi ihu gaba ɗaya, amaryar ta rungume ni tana cewa ita ma da ma a bar mata nata angon a tasha.

Da jirgin ya tsaya, kafin ƙofa ta gama buɗewa kayana sun riga ni sauka. Biyu suka kama akwati ɗaya, biyu ɗayan. Wata doguwa ta ce in nuna mata yadda ake ɗauka a kai, don na ba su labarin akwatin da na ɗora a kai a Landan. Na naɗa mata gammo, ta cire kunnuwan zomonta ta sa mini, muka ɗora mata jakar acca. Haka muka hau gadar, suna waƙa, ita tana tangaɗi, ni a gaba da kunnuwan zomo a kan ɗankwali, shugabar matan zumunta guda. Jirginsu ya tafi ya bar su, suka ce ba komai, wani na zuwa. Sai da suka loda ni a mai komawa, suka gaya wa wani saurayi a ciki cewa in bai sauke mini kaya ba za su nemo shi.

A hanya na yi ta shirya abin da zan gaya wa mijina. Na shirya mai zafi, na shirya mai sanyi. Da na sauka sai na hango shi a jikin ginshiƙin nan, ya fito da turmin daga jaka ya kife shi ya zauna a kai, da kofin shayi a hannu. Ma'aikatan tasha biyu suna tsaye a gabansa, ɗaya yana jujjuya taɓarya yana duba ta. Ashe sun zo tambayar abin da ke cikin jakar ne, saboda warin, shi kuma ya buɗe musu aji. Na iso daidai yana zana musu layin Kafanchan da yatsa a iska, inda ya rabu zuwa Jos da inda ya gangara kudu.

Ya dube ni, ya dubi kaina.

"Mene ne wannan a kanki?"

Na taɓa. Na manta ban cire ba.

"Baba," na ce, "ka ci tuwon?"

Ya miƙo mini sauran shayin. Da na karɓa hannuna ya taɓa nasa, na ji shi sanyi ƙalau, sai na haɗiye duk abin da na shirya.

Ma'aikatan suka sa mu a jirgi na gaba da hannunsu. Wannan karon mijina bai zauna ba. Tun ana sauran tashoshi da yawa ya jera kayan a bakin ƙofa, ya riƙe bakin zanena kamar yaro a kasuwar Gwantu, duk inda jirgin ya rage gudu sai ya ce, "Nan ne? Tambayi mutumin nan ko nan ne."

Surukinmu ne ya tare mu, da wata 'yar mota da ba ta fi keke napep da yawa ba. Ya durƙusa ya gaishe mu, ya ga turmin, ya gane shi nan take, na gidansu ne da ya girma yana jin ƙararsa. Ya shafa bakin turmin a hankali. Sannan ya gwada loda kayan ta kowace fuska, suka ƙi. Ya ce sai dai sawu biyu: ya tafi da ni da rabin kaya, ya dawo ya ɗauki Baba da sauran.

"A'a," in ji mijina da sauri. "Kai dai tafi da kayan duka. Mu za mu jira tare."

Motar ta tafi da akwati har a kujerar gaba an ɗaura masa bel. Mu kuma muka zauna a benci a ƙofar tashar, yayyafi yana sauka. Na tuna akwai soyayyar gyaɗa a jakar hannuna, na ciro, muka yi ta ci muna kallon motoci suna wucewa.