Ruwan Baƙi a Ɗakin Yayana

Na yi kishin yayana tun yana da lafiya, da ya kwanta ciwo kuma abin ya ƙaru. Shi aka kai makaranta Birnin Kudu, ni aka bar wa fartanya a Wurno. Da kuɗin mai ya shigo ya zama babban ma'aikaci a Ikko. A can ƙodarsa ta lalace, aka riƙa ɗora shi a kan inji ana wanke masa jini. Har wannan sai da Inna ta mayar abin fahariya, wai ɗanta da inji ake masa magani. Ni da kurkunu ya kwantar damina guda, ko sannu sai na roƙa.

Ya zo ganin gida na kwana uku, ya ƙi komawa. Ya daina magana, ya juya wa ƙofa baya, rediyon da ba ya rabuwa da shi ya ce a fitar. Na ce a raina shagwaɓa ce irin ta 'yan boko.

Masu dubiya kuwa har daga garin Sara. Mu kuma baƙo ba ya fara magana sai ya sha ruwa. Ni ke ciko ƙwarya daga randa, in miƙa musu a cikin ɗakin, su kafa kai a gabansa, su sauke da hamdala. Shi kuwa ruwa ɗan kofi guda likita ya ƙayyade masa a yini saboda ƙodar. Na san da haka sarai. Ban taɓa cewa a sha a zaure ba, ragowar ma ni nake shanyewa ina kallonsa.

Rana ta shida ƙafafunsa suka kumbura, ga mota ta zo ɗaukarsa, Inna ta ce in lallashe shi. Na shiga da zafina na ce, "Yaya, me ka nema ka rasa? Tashi mana."

Ya ce, "Abin da kake da shi. In kana sha, maƙogwaronka nake kallo. Ba zan koma ba. Ka ciko mini ƙwaryar nan, kamar yadda kake yi wa baƙi."

Na san ruwa cikin ƙwarya zai iya zama ajalinsa, shi ma ya sani. Ban kawo ba. Na ɗauke shi cak na sa a mota, yana kuka yana haɗa ni da Allah. A Ikko ya rasu kafin kaka, kuma har yau ban tabbata don ƙauna na hana shi ba.