Yinin da Na Yi a Zauren Maɗorin Dungu

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, har sunayen wasu da muka sha wahala tare sun ɓace mini. Amma yinin da na yi a zauren wani tsohon maɗori a Dungu ba zai fita daga raina ba har a rufe ni.

A lokacin Nasara ba su daɗe da zama a Damagaram ba. Gardawansu, wato 'yan sandansu, suka zo Matameye neman 'yan dako, aka haɗa da ni. Kwana da kwanaki muna tafe da buhunan gero a ka. Wata rana na yi tuntuɓe, kayan suka murɗe mini wuya, na ji wani abu ya ce ƙas. Haka na kai kayan, don ba a tambayar ɗan dako lafiyarsa.

Ciwon ya biyo ni gida, ya zauna damina uku. Wanzami ya kafa mini ƙaho har bayana ya cika da tabo. Na sha rubutu, na sha sassaƙe mai ɗaci. Wani mai magani a kasuwa ya ce ƙashi ne ya goce, ranar da na juya da ƙarfi jikina zai shanye. Tun daga ranar na naɗe wuyana tamau da rawani. In an kira ni, da jiki duka nake juyawa. Noma ya gagare ni, matata da ƙanena suka riƙe gonar, rumbu yana ƙarewa tun kafin bazara. Ba wanda ya taɓa yi mini gori, amma na gaji da ciwon, na gaji da magani, na gaji da sannun mutane.

Matata ce ta matsa mu je Dungu wurin maɗorin. Na bi ta ne kawai don kada ta ce na ƙi.

Tsohon ya kwance rawanin da hannunsa. Ya daɗe yana bin ƙashin wuyana da yatsa, ɗaya bayan ɗaya. Ya sa na damƙe hannunsa, ya tambaye ni ko yatsuna suna mutuwa, na ce a'a. Sai ya koma ya zauna.

"Ɗana, ba abin da zan ɗora a nan. Abin da ya ji rauni ya warke tuntuni."

Raina ya ɓaci. "Baba, wato ƙarya nake yi?"

"Ban ce ba. Ciwonka gaskiya ne. Amma ka san jakin da ya taɓa zurmawa rami? Ko an cike ramin, in ya zo wurin sai ya toge. Wuyanka ya tsorata, kai kuma ka ɗaure shi shekara uku, naman ya sandare."

Na fara laluben takalmina zan tafi. Daidai nan matata ta ƙwalla ƙara a bayana. Ruwan zafin da tsohon ya sa ta ɗauko daga cikin gida ne ya zubo mata a ƙafa. Ban san lokacin da na waiwaya ba. Sai da na ga ƙunar ba ta yi tsanani ba, sannan na ji zafi ya sauko mini har kafaɗa. Na sandare, ina jiran jikina ya shanye.

"Motsa ƙafarka," in ji tsohon. Na motsa. "Ɗaga hannu." Na ɗaga. "To, ka juya da ƙarfi, ga ka nan zaune."

Ni da na shekara ban yi hawaye ba, ranar na yi.

Bai ba ni ko saiwa ɗaya ba. Ya nuna wa matata yadda za ta gasa wurin da tsumma mai ɗumi, ta murza da man kaɗanya. Ni kuma ya ce safe da yamma in dubi kafaɗar dama, in dubi ta hagu, in sunkuya, in ɗaga kai, a hankali, iya inda zan jure. Ya ce in koma gona, in fara da kunya biyu.

"Zai yi ciwo, Baba."

"Zai yi. Wata rana ma zai fi na yau. Ba ɓarna ba ce, ka sassauta, kada dai ka daina."

Ba zan ce na warke kamar a mafarki ba. Watanni na yi ina wannan juye-juyen, sau biyu ina bari don gajiya, matata tana mayar da ni. Da damina ta zagayo na nome rabin gonar da kaina. Har yau in sanyi ya shigo wuyan yana tuna mini, sai in gasa shi, in motsa shi, in fita harkata.

Abin da na koya shi ne, ba kowane zafi ne ke nufin jiki yana lalacewa ba, kuma tsoron ciwo yakan kwantar da mutum fiye da ciwon kansa. Mai jinya yana bukatar wanda zai duba shi da kyau, ya yarda da kukansa, sannan ya gaya masa gaskiyar abin da ke jikinsa. Ni shekara uku na yi kafin in samu wannan.